Tarihin Dokta Paul Brand, Maginin Da Ya Koma Likitan Hannun Kutare

Duk wanda ya san ƙasar Kano ta kudu, watau daga Bebeji da Kiru har zuwa Tudun Wada da Doguwa, ya san cewa arzikin mutanen wannan yanki a hannunsu yake. Da hannu manomi ke riƙe ƙotar fartanya a gonakin masara da dawa, da shi yake yankan shinkafa da lauje, da shi masunta ke jan koma a madatsar ruwa ta Tiga, da shi kuma mutanen Riruwai suka daɗe suna haƙar kuza. Saboda haka ran da hannun maigida ya mutu, to, tukunyar gidan ce ta sauka daga murhu. Cikin cututtukan da ke kashe hannu kuwa, babu wadda mutanen ƙasar Hausa suka fi tsoro tun zamanin kakanni kamar kuturta, domin an ɗauka ita ce ke cinye yatsu ɗaya bayan ɗaya har hannu ya zama dungu, mai shi ya koma bara a bakin kasuwa.

Mutumin da ya tabbatar wa likitocin duniya cewa wannan zato kuskure ne, ya kuma nuna cewa ana iya gyara hannun kuturu ya koma riƙe fartanya, shi ne Dokta Paul Wilson Brand, wani likitan fiɗa ɗan ƙasar Ingila. A Indiya da Amurka ya yi yawancin aikinsa, amma abin da ya gano ya shafi kowane gida da wannan ciwo ya taɓa shiga a ƙasar nan.

HAIHUWARSA DA ƘURUCIYARSA

An haifi Paul Brand ran 17 ga watan Yuli, 1914, a kudancin Indiya, cikin jihar da a yau ake kira Tamil Nadu. Iyayensa, Jesse da Evelyn Brand, 'yan mishan ne da suka zauna a kan duwatsun Kolli, wurin da zazzaɓin cizon sauro ya yi wa katutu har mutanen ƙasar suke kiransa duwatsun mutuwa. Mahaifinsa ba cikakken likita ba ne, amma shi ne mai ba da magani, shi ne magini, shi ne kuma mai koya wa mutanen wurin kafinta da noma. Tun Paul yana yaro ƙarami ya taɓa ganin wasu kutare uku sun zo gidansu neman taimako. Mahaifinsa ya sa safar hannu ya wanke musu miyakun ƙafa, mahaifiyarsa kuwa ta hana yaran kusantar inda suka zauna. Tsoron wannan ciwo ya shiga zuciyarsa tun daga ranar, jini da mugunyar da yake gani wajen mahaifinsa kuma suka sa ya ƙi aikin likita ƙi na gaske.

A 1923, yana da shekara 9, aka kai shi Landan domin karatu. Bai sake ganin mahaifinsa ba, gama a 1929 zazzaɓi mai sa baƙin fitsari ya yi ajalinsa a can Indiya. Da Paul ya bar makaranta sai ya shiga koyon aikin gini, ya yi shekara 5 yana koyon kafinta da ɗora bulo da aikin famfo, da niyyar ya koma Indiya ya ci gaba da abin da mahaifinsa ya bari. Cikin shirin wannan tafiya ne ya shiga wani kwas na shekara guda a kan magungunan ƙasashe masu zafi, a nan ne fa zuciyarsa ta juya. A 1937 ya shiga makarantar likitoci ta asibitin University College da ke Landan.

Karatunsa ya zo daidai da Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da jiragen saman Jamus ke yi wa Landan ruwan bama-bamai. Ɗaliban likita sukan kwana suna tsintar gutsattsarin gilashi daga jikin waɗanda suka ji rauni, da yawansu kuwa a hannu ne raunin yake. A 1943 ya auri abokiyar karatunsa, Dokta Margaret Berry, wadda daga baya suka haifi 'ya'ya 6 tare. A 1946 kuma Dokta Robert Cochrane, shugaban Kwalejin Likitoci ta Vellore da ke kudancin Indiya, ya kira shi ya zo ya koyar da aikin fiɗa.

ZIYARAR DA TA SAUYA RAYUWARSA

Shi Dokta Cochrane masani ne a kan kuturta. Wata rana ya gayyaci sabon malamin zuwa babban sansanin kutare na Chingleput, kusa da birnin Madras. Shi mai masaukin fatar jikin majiyyatan yake nuna masa, amma idon Dokta Brand bai bar kan hannuwansu ba: yatsu sun lanƙwashe kamar faratan shaho, wasu sun gajarce, wasu babu su sam. Ya tambayi abin da ke jawo haka da abin da ake yi a kai, sai ya tarar babu amsa. A wancan zamani likitocin ƙashi da na fiɗa ba su kula da wannan ciwo ba, manyan asibitoci ma ba sa karɓar masu shi, an bar su ga 'yan mishan da likitocin fata.

Kafin ya bar wurin sai ya kama hannun wani saurayi, ya ce masa ya matse iya ƙarfinsa. Yana tsammanin zai ji hannu shanyayye, sai ya ji an damƙe shi da ƙarfin da ya sa shi jin zafi. Nan take ya gane cewa ashe cikin wannan hannu da kowa ya fid da rai a kansa akwai tsokoki masu rai da ƙarfi.

Daga nan ya tara 'yan mataimaka suka shiga auna hannuwan majiyyata ɗaya bayan ɗaya, da gashin tsuntsu da tsinin allura, suna rubuta inda fata ke ji da inda ba ta ji, da tsokar da ke aiki da wadda ta mutu. Bayan sun auna mutane masu ɗimbin yawa sai wani tsari ya fito fili. Ƙwayar cutar kuturta, wadda Dokta Armauer Hansen ya gano a ƙasar Norwe tun 1873, jijiyoyin saƙo take kamawa, watau jijiyoyin da ke kai umarni daga ƙwaƙwalwa zuwa gaɓoɓi su kuma komo da labarin zafi ko sanyi. Ba ko'ina take kama su ba, sai inda suka matso kusa da fata, wurin da jiki ya fi sanyi, kamar bayan gwiwar hannu da wuyan hannu. Shi ya sa ƙananan tsokokin da ke cikin tafin hannu su ne ke mutuwa, manyan da ke tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu kuwa yawanci sukan tsira. Idan ƙananan suka mutu sai manyan su rinjaya, su ja yatsu su lanƙwashe, babban yatsa kuma ya kasa zagayowa ya sadu da sauran, ta yadda mutum ba zai iya ɗaukar allura ko riƙe alƙalami ba.

AIKIN FIƊA NA FARKO

A nan ne ilmin gini ya yi wa Dokta Brand rana, domin ya dubi hannu kamar yadda magini ke duban ɗaki: ina nauyi ya faɗa, wane ginshiƙi ne ya karye, wanne za a aro a tokare. Hannun ɗan Adam yana da ƙasusuwa 27, kuma tsoka tana jan ƙashi ne ta hanyar wata farar igiya mai ƙarfi, irin wadda ake kira agara a bayan dunduniya. Dabararsa ita ce a kwance igiyar wata tsoka mai rai wadda hannu zai iya yi ba tare da ita ba, a tsaga ta, a bi da ita ta sabuwar hanya, a ɗinke ta inda za ta yi aikin tsokar da ta mutu. Likitoci sun riga sun san irin wannan aiki ga waɗanda suka ji rauni a yaƙi da masu shan inna, amma ba wanda ya gwada shi ga kutare, saboda an yi imani naman jikinsu ruɓaɓɓe ne, ba zai warke ba in an yanka.

Da ƙyar aka ba shi gado biyu a asibitin Vellore. A ƙarshen shekarun 1940 ya yi wa wani saurayi aikin, ya fara da yatsu, sa'an nan babban yatsa. Yankan ya warke sarai kamar na kowa. Bayan an cire filasta aka shiga koya wa saurayin yadda zai sarrafa hannun, domin tsokar da ta saba da wani aiki dole ƙwaƙwalwa ta koyi ba ta sabon umarni. A kwana a tashi sai ga shi yana buɗe hannu yana rufewa, yana cin abinci da yatsunsa. Daga baya Dokta Brand ya kyautata dabarar, ya riƙa ɗauko ɗaya daga cikin tsokokin da ke ɗaga wuyan hannu, ya ƙara wa igiyarta tsawo da wata da ya ciro daga ƙafa, ya raba ta gida 4, kowane yatsa da nasa. Har yanzu likitocin hannu suna kiran wannan aiki da sunansa.

Amma murna ba ta daɗe ba. Ɗaya daga cikin waɗanda aka fara yi wa aikin ya komo asibiti a rame, yana kukan cewa sababbin hannuwan sun jawo masa yunwa. Babu mai ɗaukarsa aiki saboda tabon ciwon da ke jikinsa, masu ba shi sadaka kuma sun daina tun da hannun ya miƙe. Wannan ya nuna wa likitan cewa wuƙar fiɗa kaɗai ba ta isa ba. Saboda haka a 1950 ya kafa wani ɗan ƙauye a harabar kwalejin, mai ɗakunan ƙasa da jinka irin na mutanen karkara, ya sa masa suna Cibiyar Sabuwar Rayuwa. A nan waɗanda aka yi wa aiki ke zama suna koyon kafinta da sauran sana'o'in da mutum zai ci abinci da su a garinsu ba sai wani ya ɗauke shi aiki ba.

ABIN DA KE CINYE YATSU

A wannan ƙauye ne ya gano abin da ya fi aikin fiɗar muhimmanci. Wata rana yana fama da wani kwaɗo da ya yi tsatsa ya ƙi buɗuwa, sai wani yaro majiyyaci, ɗan kimanin shekara 10, ya karɓi mabuɗin ya murɗa sau ɗaya, kwaɗo ya buɗe. Likitan yana mamakin ƙarfin yaron sai ya ga jini na ɗiga a ƙasa. Da ya duba sai ya tarar mabuɗin ya yanke yatsan har ƙashi, yaron kuwa bai sani ba. Ashe abin da ya hana shi kansa likitan murɗawa da irin wannan ƙarfi shi ne zafin da yatsansa ya ji, yaron kuwa ba shi da mai yi masa wannan gargaɗi.

Tun daga ranar aka riƙa duba hannun kowane majiyyaci kullum, ana zana siffar yatsunsa a takarda, duk wani rauni ko bororo sai an bi sawunsa an gano mafarinsa. Wani ƙotar kayan aiki ce ta goge shi, wani ƙwan fitila ne ya ƙona shi da dare, wani tukunya ya sauke daga wuta da hannu. Sauran da suka gagara ganewa su ne na waɗanda kan wayi gari su ga wani yanki na yatsa ya ɓace. Da aka sa ido da dare sai aka ga ɓeraye ne ke gaigayar yatsun mutum yana barci bai ji ba. Daga nan aka kawo kyanwoyi ƙauyen, duk wanda aka sallama kuma akan haɗa shi da 'yar kyanwa ya tafi da ita gida.

Hujjar da Dokta Brand ya kafa ke nan: kuturta tana kashe jin zafi ne, sauran ɓarnar kuwa rauni ne da ƙuna da ƙwayoyin cuta na yau da kullum ke yi. Mai lafiya in ya ji ciwo a yatsa yakan hutar da shi har ya warke. Wanda ba ya jin zafi kuwa sai ya ci gaba da aiki da shi, miki ya yi zurfi ya kai ga ƙashi, ƙashin ya riƙa zaizayewa, yatsa ya gajarce. Likitoci da yawa sun yi gardama da farko, amma shekaru suka wuce yatsun mutanen wannan ƙauye da suka kiyaye ba su ragu ba.

Haka nan ya gano game da ƙafa, cewa gyambon tafin ƙafa yawan taka wuri guda ne ke kawo shi. Shi da abokan aikinsa na cibiyar bincike ta Karigiri, kusa da Vellore, suka ƙera takalma na wata roba mai laushi da ke rarraba nauyin jiki. Ya kuma riƙa gyara hancin da ya faɗa da dasa gashin gira, don mutum ya shiga jama'a ba a nuna shi. Matarsa Dokta Margaret ita kuma ta zama gwana a kan idon kutare, ta nuna cewa makantar da yawansu ta samo asali ne daga rashin ƙifta ido, abin da ake iya hanawa.

SHEKARUNSA NA ƘARSHE

Duniya ta yaba da aikinsa. Kwalejin Likitocin Fiɗa ta Ingila ta gayyace shi ya yi babbar laccarta a 1952, aka ba shi lambar yabo ta Lasker a Amurka a 1960, Sarauniyar Ingila kuma ta ba shi lambar girma ta C.B.E. a 1961. Yana cikin waɗanda suka taimaka aka kafa cibiyar ALERT a Adis Ababa ta ƙasar Habasha a 1965, inda ma'aikatan lafiya daga ƙasashen Afirka ke zuwa koyon kula da masu kuturta da gyaran gaɓoɓinsu.

Bayan shekara 19 a Vellore, a 1966 ya koma asibitin kutare na Gwamnatin Amurka da ke Carville, jihar Louisiana, ya shugabanci sashen gyaran gaɓoɓi har shekara 20. A can ne ya lura cewa ƙafar mai ciwon sukari da ta daina ji, hanyar da ƙafar kuturu ke bi ita take bi har a kai ga yankewa, don haka dabarun da aka koya a kan kutaren Indiya suka koma ceton ƙafafun masu ciwon sukari a duniya. Ya kuma yi ƙoƙarin ƙera safar hannu mai na'urar da za ta gargaɗi mai ita in ya matsa da yawa, amma abin bai yi nasara ba, domin duk sa'ad da majiyyaci ya so yin aiki mai nauyi sai ya kashe na'urar. Wannan ya ƙara tabbatar masa da ra'ayin da ya riƙe har ƙarshen ransa, cewa jin zafi baiwa ce daga Mahalicci, mai gadi ne da ba a iya sallamarsa. A 1985 ya wallafa littafinsa a kan yadda hannu ke aiki, wanda likitocin hannu suka riƙe abin dogaro. Ya yi ritaya a 1986 ya koma birnin Seattle, inda ya rasu ran 8 ga watan Yuli, 2003, saura kwana 9 ya cika shekara 89.

ABIN DA YA BAR WA ƘASAR NAN

Nijeriya ba baƙuwa ba ce a yaƙi da kuturta. Tun ƙarshen shekarun 1930 akwai sansanonin kula da kutare a Yadakunya kusa da Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato. A Uzuakoli ta gabashin ƙasar nan ne Dokta John Lowe ya nuna a ƙarshen shekarun 1940 cewa ana iya shan ƙwayar dapsone da baki, a shekarun 1950 kuma Gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe wuraren raba ta a ƙauyuka. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa magunguna 3, watau dapsone da rifampicin da clofazimine, waɗanda ake sha wata 6 ko wata 12 a warke, kuma tun 1995 kyauta ake ba da su. A 1998 Nijeriya ta kai matsayin da masu ciwon ba su kai mutum 1 cikin kowane 10,000 ba. Duk da haka ciwon bai ƙare ba, gama a 2023 an sami sababbin masu shi fiye da 2,000 a ƙasar nan.

Sai dai magani ƙwayar cutar yake kashewa, ba ya tayar da jijiyar da ta riga ta mutu. Nan ne darasin Dokta Brand yake da amfani ga manomin Kiru da na Doguwa. Wanda ya ga tabo mai haske ko ja-ja a fatarsa wanda ba ya ji in an taɓa, ko ya ji ƙaramin yatsansa da na kusa da shi suna mutuwa, ya hanzarta zuwa asibitin Gwamnati mafi kusa, domin kowace ƙaramar hukuma tana da jami'i mai kula da tarin fuka da kuturta, kuma jijiyar da ba ta daɗe da kamuwa ba ana iya ceto ta da magani. Wanda hannunsa ya riga ya daina ji, idonsa ne zai zama mai gadinsa: ya duba hannun safe da yamma, ya jiƙa shi a ruwa ya shafa mai don kada fata ta tsage, ya naɗe ƙotar fartanya da tsumma mai laushi, kada ya taɓa tukunya ko kofin shayi mai zafi sai da ƙyalle, in kuma ya ga rauni komai ƙanƙantarsa ya ajiye aiki sai ya warke. Wanda yatsunsa suka lanƙwashe kuwa ya riƙa miƙe su da ɗaya hannun kullum don kada gaɓoɓin su ƙage, ya kuma nemi a tura shi ga masana, ko a asibitin Yadakunya, ko cibiyar horaswa ta tarin fuka da kuturta da ke Saye a Zariya, ko Asibitin Ƙashi na Dala da aka buɗe a Kano a 1959.

Akwai kuma rabon ma'aikatan Gwamnati da malaman makaranta da masu ɗaukar ma'aikata. Binciken likitoci ya nuna cewa kimanin mutum 95 cikin 100 jikinsu ba ya kamuwa da kuturta ko da sun haɗu da ƙwayarta, wanda ya fara shan magani kuma yakan daina yaɗa ta cikin ɗan lokaci. Mutumin nan da ya komo wa Dokta Brand da gyararrun hannuwa da yunwa a cikinsa ba ciwo ne ya kayar da shi ba, ƙyamar mutane ce. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Likita zai miƙe yatsu, amma mutanen gari ne za su sayi abin da yatsun suka saƙa, su ba mai su gona, su bar ɗansa ya zauna a aji tare da 'ya'yansu.